Hanyar Jirgin Ƙasa a Nijeriya da Rabon Ƙasarmu ta Zuru

Duk ɗalibin da ya buɗe taswirar Nijeriya zai ga wani baƙin zare ya taso daga Ikko ya miƙe arewa, wani kuma ya taso daga Fatakwal, sun haɗu a Kaduna. Wannan zare shi ne hanyar jirgin ƙasa, wadda ake kira layin dogo. In ya duba yamma wajen Mahuta da Zuru da Birnin Kebbi da Sakkwato, ba zai ga komai ba. Nufina a nan in bayyana yadda aka yi haka, da abin da ya jawo mana.

Turawan mulkin mallaka suka fara shimfiɗa layin dogo daga Ikko, ya kai Badun a 1901. A Arewa kuwa aka fara daga Baro a 1907, domin jiragen ruwa suna iya zuwa can ta Kogin Kwara su sauke ƙarafa. Layin ya bi ta Minna da Kaduna da Zariya, ya isa Kano a 1911. A 1912 aka haɗa shi da na Ikko suka zama abu ɗaya. Kafin a gama gadar Jebba, a kan jirgin ruwa ake ƙetarar da taragu. Layin gabas kuma ya tashi daga Fatakwal ya kai Inugu a 1916 saboda kwal. Daga baya aka yi rassa: na Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya Ƙauran Namoda a 1929, na Kano ya tsaya Nguru a 1930, na Barno ya isa Maiduguri a 1964. A 1955 aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya. Tsawon tsohon layin duka ya kai wajen kilomita 3,500.

To, mai karatu, lura da abu ɗaya. Kowane reshe ya nufi inda akwai kayan da Turawa ke bukata ne. Kano da Nguru akwai gyaɗa da fatu, Funtuwa da Gusau akwai auduga, Jos akwai kuza, Inugu akwai kwal. Kowane layi kuma bakin teku ya dosa. Watau an yi hanyar ne don a kwashe amfanin ƙasa a kai Ingila. Haɗa garuruwanmu da juna bai dami masu aikin ba. Ƙasar Zuru ƙasar dawa ce da gero, abincin da mu ke ci a gida, Bature kuwa ba ya sayen dawa. Saboda haka jirgi bai biyo ta wajenmu ba. Har manyan birane irin su Sakkwato da Katsina haka aka bar su.

Duk da haka, inda jirgi ya ratsa ya kawo canji babba. Da ya isa Kano, manoma suka dukufa kan gyaɗa, har aka riƙa tara buhuna kamar duwatsu, abin da ake kira dalar gyaɗa, attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka bunƙasa. Kafanchan da Minna da Gusau suka cika da baƙi, aka kafa kasuwanni da makarantu kusa da tasha. Kaduna ma, mahaɗar layuka, ita ta karɓi hedkwatar Arewa daga Zungeru. Inda baƙi ba sa zuwa, gari ba ya girma, tarihin waɗannan garuruwa ya gaskata haka.

Me ya sa jirgin ƙasa ya fi mota sauƙi wajen kaya masu nauyi? Ƙafarsa ƙarfe ce, kan ƙarfe ta ke tafiya, don haka ba ta jan ƙasa kamar tayar roba. Kan jirgi guda yana jan taragu masu yawa, waɗanda da sai an jera manyan motoci kafin su kwashe kayansu. Man da ake ƙonawa a kan kowane buhu kaɗan ne, kuɗin ɗauka ma sai ya ragu.

A nan ne rashin ya taɓa mu. Manomin Mahuta in ya sayar da dawarsa, a mota za a ɗauke ta, ko ta hanyar Koko ko ta Dabai da Zuru. Tashoshin Zungeru da Minna da Gusau duk tafiya ce mai nisa. Ɗan kasuwa yakan cire kuɗin mota daga farashin da zai ba manomi, in kuma ya kawo taki ko siminti ya ƙara kuɗin mota a kai. Ashe manomi yana biya sau biyu ke nan, wajen sayarwa da wajen saye. Manyan motoci kuma su ke farfasa titi, da damina tafiya ta gagara.

Bayan samun mulkin kai a 1960, sannu a hankali tsohon layin ya lalace saboda rashin gyara, kaya suka koma kan titi. A 'yan shekarun nan an sake waiwayarsa. An buɗe sabon layi daga Abuja zuwa Kaduna a 2016, na Itakpe zuwa Warri a 2020, na Ikko zuwa Badun a 2021. A 2021 ɗin kuma aka aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi ta Daura da Katsina. Sabon layin ya fi tsohon faɗi: tsohon ƙafa 3 da inci 6 ne, sabon ƙafa 4 da inci 8 da rabi, don haka jirgin wannan ba ya hawa kan wancan. Akwai kuma matsalar tsaro, kamar harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ran 28 ga Maris, 2022, inda aka kashe wasu aka sace wasu.

'Yan'uwana ɗalibai, Turawa sun ja layinsu bisa bukatarsu, yanzu alƙalami yana hannun 'yan ƙasa. Duk sabon layin da aka zana, ya kamata mu tambaya: kayan wa zai ɗauka, wane manomi zai amfana? Cikinmu akwai waɗanda za su zama injiniyoyi da wakilan jama'a. In lokacin ya zo, kada su manta cewa abincin da birane ke ci daga irin ƙauyukanmu ya ke fitowa. Allah Ya nuna mana ranar da za a ji kukan jirgi a ƙasar Zuru, amin.