Me Ya Kashe Tarwaɗar Kawu? Darasi Kan Gwajin Antibodi

A hutun da ya wuce na je wajen kawuna a yankin Kura, inda ruwan dam ɗin Tiga ke bin kanal yana shayar da shinkafa da tumatir har Kadawa da Bunkure. Kawu ya haƙa rami biyu a gefen gonarsa yana kiwon tarwaɗa. Wata safiya muka tarar da kifaye suna yawo a saman ruwa, cikinsu a kumbure, jikinsu da jan gyambo. Kafin in ce wani abu har ya aika an sayo ja-da-yalo. Na ce, “Kawu, wace cuta za ka kashe?” Ya ce, “Kai da kake karatun leb, faɗa min mana.” Wallahi shiru na yi.

Matsalar ita ce bakteriya daban-daban na kawo alamu masu kama da juna. Aeromonas hydrophila na sa gyambo da kumburin ciki, Edwardsiella tarda ma haka. Streptococcus kuwa ya fi damun karfasa, ido ya fito waje, kifi ya dinga juyi a ruwa. Ido kaɗai ba ya raba gardama. Hanyar da aka koya mana ita ce a shuka ƙwayar a faranti, a jira awa 24 zuwa 48, sannan a bi da wasu gwaje-gwajen. Mai rami kuwa kullum kwashe gawa yake.

A nan gwajin antibodi ke shigowa. Antibodi sinadari ne da garkuwar jiki ke ƙerawa, kowanne da irin ƙwayar da yake kamawa. Idan aka yi wa zomo allurar matacciyar bakteriya, bayan ƴan makonni jininsa zai cika da antibodin da ya san ta. Sai a tace ruwan jinin a ajiye. Tun 1975, da Köhler da Milstein suka gano hanyarsu a Kambirij ta Ingila, ana iya samar da antibodi iri ɗaya tak, wanda ya fi na zomo tantancewa.

Mafi sauƙi shi ne gwajin dunƙulewa. Ka ɗiga bakteriyar da ka shuka a kan gilashi, ka ƙara ɗigon ruwan jinin. In sun dace, cikin minti ɗaya ko biyu za ka ga gudaji kamar madarar da ta tsinke. ELISA, wadda Engvall da Perlmann suka fito da ita a Suwidin a 1971, ta fi shi gani. Faranti ne mai rami 96 da aka shafe da antibodi. A zuba niƙaƙƙiyar ƙodar kifin, a wanke, a zuba antibodi na biyu mai ɗauke da inzayim, a sake wankewa, sannan a sa sinadarin da zai canza launi. Launi ya fito, ƙwayar na nan, kuma a yini ɗaya an gama. Akwai kuma ɗan tsinke irin na gwajin maleriya da muka sani a kemis, layi biyu ko ɗaya. Na zaga shagunan magungunan dabbobi da dama, ban samu na kifi ba.

Ga inda ƴan ajinmu ke faɗuwa a jarrabawa, don haka a kula. Gwajin maleriya sinadarin ƙwayar cutar yake nema. Gwajin Widal na taifot kuwa antibodin mara lafiya yake nema. A kifi ma ana yin duka biyun, amma na biyun yana da rauni: kifi na ɗaukar kwanaki ko makonni kafin antibodinsa ya taru, ya fi jinkiri ma in ruwa ya yi sanyi kamar lokacin hunturu. In ka same shi, abin da ka sani kawai kifin ya taɓa haɗuwa da ƙwayar. Jatan lande da kawa kuma ba sa yin antibodi sam, don haka masu kiwonsu a Asiya dole ƙwayar Vibrio kanta suke nema.

Kuma kar a ɗauka layi biyu ya gama magana. Aeromonas mazauniyar ruwa ce, tana cikin rami ko kifi lafiyarsu ƙalau. Ka goga fata, za ka iya samunta. Shi ya sa ake ɗaukar samfur daga ƙoda, wadda ke manne da ƙashin baya, kuma daga kifin da ke gargara, ba wanda ya kwana a mace ba. Sannan Aeromonas na da dangi da yawa, antibodin da ya kama wannan zai iya wuce wancan, ko ya kama wata ƙwaya mai kama da ita. Abin da ya fi damuna: gwajin antibodi ba zai gaya maka maganin da zai yi aiki ba. Wannan sai an shuka ƙwayar an gwada ta da magunguna.

Ramin Kawu dai ya cika maƙil da kifi, ruwan ya yi kore yana wari, ragowar abinci ta taru a ƙasa. Muka tsayar da abinci kwana biyu, muka canza ruwa, muka kwashe rabin kifin zuwa rami na biyu. Mutuwar ta ragu, ba ta tsaya nan take ba. Na sa uku masu gargara a kula da ƙanƙara, na shiga motar Kano da su, yanzu su ne furojet ɗina.