Yadda Uwar Ƙungiyoyi Ke Kai Kukan Talaka Kanbera

A Ostireliya, ƙananan ƙungiyoyin da ke raba abinci, da masu ba marasa muhalli makwanci, da masu warware wa mutane rigimar bashi, suna da uwa guda a matakin ƙasa: ACOSS, wadda aka kafa a 1956. Kowace jiha da tata; ta New South Wales ma ta girme ta, don tun 1935 take. Uwar nan ba ta raba ko mudun shinkafa. Bakinta ne jarinta.

Aikin yana farawa da sauraro. Ma'aikaciyar wani ƙaramin ofishi ita ta san mutum nawa ta sallama hannu rabbana a yau don gadaje sun cika. Amma in ta yi kuka ita kaɗai, minista zai ce matsalar garinsu ce. Saboda haka uwar takan aika wa 'ya'yanta tambayoyi: nawa suka zo, nawa aka mayar, kuɗin gwamnati ya kai ku ƙarshen shekara?

Daga nan sai a mayar da kuka lissafi. ACOSS tana haɗa kai da Jami'ar New South Wales da ke Sidni wajen fitar da rahoton talauci. Na 2022 ya nuna mutum miliyan 3.3 ne ke cikin talauci, wato ɗaya cikin takwas, 761,000 daga cikinsu yara.

Mataki na uku ya fi kowane wuya, a ganina: zaɓen abin da za a sa a gaba. Mai aikin gidaje yana so a fara da haya, mai aikin naƙasassu yana da nasa, kowa jikinsa ya ji. In aka je wa gwamnati da buƙatu hamsin, ta ɗauki mafi araha ta ce ta biya. Sai aka tsaya kan tallafin marasa aikin yi, wanda kafin 2020 ake kira Newstart. A lokacin bai wuce dala 40 a rana ba, kuma tun 1994 ba a yi masa ƙari na gaske ba, sai ɗan abin da ke bin hauhawar farashi. An yi ta nanata adadin nan har ya zauna a bakin 'yan jarida. Aka kawo masu karɓar tallafin da kansu suka faɗi yadda suke tsallake cin abinci. Aka kuma nemi shaidu daga inda ba a zata ba: babbar ƙungiyar 'yan kasuwa ta ce kuɗin ya yi kaɗan, tsohon firaminista John Howard, ɗan ra'ayin riƙau, shi ma ya faɗi haka a 2018.

Sauran sai bin kalandar gwamnati. Yawanci a watan Mayu ake gabatar da kasafin kuɗi, don haka watanni kafin nan takardar buƙatu ta isa baitulmali a Kanbera, babban birnin ƙasar. Ana zuwa gaban kwamitocin majalisar dattawa. Ranar kasafin kuma a kulle wakilai a ɗaki da takardun, ba waya, sai ministan kuɗi ya tashi jawabi a sake su, shugabar ACOSS Cassandra Goldie ta fito ta gaya wa 'yan jarida abin da talaka ya samu.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba. Ƙananan ƙungiyoyin nan da kuɗin gwamnati suke aiki, kuma an taɓa cusa musu sharaɗin kame baki a cikin kwangila, sai a 2013 doka ta haramta hakan a kwangilolin tarayya. Dokar ba ta cire tsoro ba. Abin da ƙaramar ƙungiya ke shakkar faɗa, uwar ce ke faɗa a madadinta, ko da yake ita ma tana karɓar tallafin gwamnati. Tana kuma matsa lamba a riƙa ƙara kuɗin kwangila daidai da tsadar rayuwa.

A 2020, da korona ta zo, aka sake wa tallafin suna JobSeeker, aka ɗora masa dala 550 duk mako biyu, ya kusa ninkawa. Aka yi ta zaftare ƙarin har ya ƙare a Maris 2021, aka bar ƙarin dala 50 duk mako biyu na dindindin. A 2023 aka ƙara dala 40 duk mako biyu. ACOSS ta ce bai isa ba, ta sake sa buƙatar a takardar shekara mai zuwa.