Gajiyar da Barci Ba Ya Magani: Abin da Ake Gani a Tamale

A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace matsananciyar gajiyar aiki a kundinta na rarrabe cututtuka, inda ta ce ba cuta ba ce ita kanta, yanayi ne da ke tasowa idan matsin wurin aiki ya daɗe ba a shawo kansa ba. Alamominta uku ne: ƙarewar kuzari, da tsanar aikin da mutum ya taɓa so har ya riƙa yin sa ba da zuciya ɗaya ba, da raguwar ƙwazo. Sai dai ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa a Tamale sun san cewa ba da wannan suna take zuwa asibiti ba, domin abin da majiyyaci ke kawowa shi ne ciwon kai da ciwon gaɓoɓi da rashin barci, yana kyautata zaton zazzaɓin cizon sauro ne, har sai gwajin jini ya fito babu komai sannan a tambaye shi yaushe rabonsa da hutu.

Dokar Ƙwadago ta Gana ta 2003 ta ƙayyade aiki awa 8 a rana ko 40 a mako, ta kuma tanadi hutun shekara na aƙalla kwana 15 na aiki, amma kariyarta ba ta cika isa ga wanda ba shi da takardar ɗaukar aiki ba, kuma irinsa ne suka fi yawa a garin. Direban keke mai ƙafa uku, wanda ake kira yalo-yalo, sai ya haɗa kuɗin da mai keke ya yanka masa kafin ya fara neman na cefane, saboda haka ranar hutu a wurinsa ranar bashi ce. Haka ɗan dako a kasuwar Aboabo, ko da a zafin watan Maris ne. Nan ne tsarin da mai dukiya ke karɓar ribarsa ko kasuwa ta yi ko ba ta yi ba yake ɗora asara a jikin ma'aikaci, kuma nan ne ƙwayar tiramadol ke samun ƙofa, tun da wasu masu shan ta don su ƙara awannin aiki suke fara sha, ba don nishaɗi ba. Masu albashi ma ba su tsira ba, musamman bayan hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari a Disambar 2022, ga ma'aikatan jinya na tafiya Ingila, waɗanda suka rage suna ɗaukar aikin mutum biyu.

Shawarar da aka saba bayarwa, a yi haƙuri, ba ta wadatar ba, ko da yake haƙuri abin yabo ne, domin matsalar da tsarin aiki ya haifar a tsarin aiki ake gyara ta, ta hanyar jadawalin da ke ba da cikakkiyar ranar hutu da kuma ƙungiyoyin direbobi da za su iya zama da masu keke kan kuɗin kullum. Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa uku na ƙasar, Akara da Pantang da Ankaful, duk a kudu suke, amma akwai ma'aikatan jinyar ƙwaƙwalwa a asibitocin yankin arewa, kuma wanda ya shafe makonni yana kwana ido biyu, ko ya ga ba ya iya fita aiki sai da ƙwaya, su ya kamata ya nema kafin ya sake komawa kantin magani.