Amsoshin Tambayoyinku: Nazarin 'Yan Latino a Jami'o'in Amurka

Wani mai sauraronmu daga Damagaram yana tambaya: wai da gaske ne jami'o'in Amurka na da sashe na musamman don nazarin 'yan Latino?

To Malam, ƙwarai kuwa. 'Yan Latino su ne mazauna Amurka masu tushe a Meziko, Puerto Rico, Kuba da sauran ƙasashen Latin Amurka. Ƙidayar 2020 ta nuna sun haura miliyan 62. Wasunsu ma ba baƙi ba ne, a gida Amurka ta tarar da kakanninsu lokacin da ta karɓe Kalifoniya daga Meziko a 1848.

Sai da aka sha gwagwarmaya kafin a samu wannan sashe. A watan Maris na 1968, dubban ɗaliban sakandare a gabashin Los Angeles suka fice daga azuzuwa, suna kukan ana hukunta su in sun yi Sifaniyanci, ga shi babu tarihinsu a littattafan makaranta. A shekarar ce kwalejin jihar Kalifoniya da ke birnin ta buɗe sashen nazarin 'yan asalin Meziko. A New York kuma aka kafa cibiyar nazarin 'yan Puerto Rico a 1973, wadda yanzu ke Kwalejin Hunter.

A irin wannan sashe ana karantar da tarihin 'yan Latino da adabinsu, da halin da leburorinsu na gonakin inabi suka shiga. Ilimi ne mai amfani, Malam, har digirin digirgir ana yi a kansa.