Yaron da ya fara da itace ɗaya

A ƙasar Jamus akwai wani yaro mai suna Felix Finkbeiner. A shekarar 2007 yana da shekara 9, yana aji huɗu. Wata rana aka ba shi aiki a makaranta: ya yi wa ƴan ajinsu bayani a kan sauyin yanayi.

Felix ya shiga bincike. Ya gano cewa motoci da masana'antu suna ƙona man fetur da kwal, suna fitar da wata iska da ake kira kabon. Iskar nan tana taruwa a sama, tana riƙe zafin rana kamar bargo. Shi ya sa duniya take ƙara ɗumi, ruwan sama yake rikicewa, fari da ambaliya suke yawaita. Ya kuma gano cewa itatuwa suna zuƙe iskar kabon, su adana ta cikin jikinsu.

Cikin bincikensa ya ci karo da labarin Wangari Maathai, wata mata ƴar ƙasar Kenya. Tun shekarar 1977 ta haɗa kan matan karkara, suka shuka itatuwa wajen miliyan 30. Saboda wannan aiki aka ba ta lambar yabo ta Nobel a shekarar 2004.

Ranar bayani, Felix ya kawo wa ƴan ajinsu shawara: yara su shuka itatuwa miliyan ɗaya a kowace ƙasa ta duniya. A watan Maris na 2007 suka shuka itace na farko a makarantarsu. Labari ya bazu, wasu makarantu suka shigo. Aka kafa ƙungiya mai suna Plant-for-the-Planet, wato shuka domin duniya. Cikin shekara uku, a 2010, aka cika itace miliyan ɗaya a Jamus. A shekarar 2011 Felix ya yi jawabi a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya, yana ɗan shekara 13.

A ƙasar Nijar ma an san darajar itace. Ranar 3 ga watan Agusta, ranar samun ƴancin kai, ita ce kuma ranar shuka itatuwa. Itace yana tare iska da rairayi, yana hana hamada cin gonaki. Gawo yana zubar da ganyensa da damina, ƙasa ta sami taki, hatsi ya yi kyau a ƙarƙashinsa.

Amma shuka kaɗai ba ta isa ba. Ɗan itacen da aka dasa da damina yana fuskantar awaki da zafin rani. In ba a kewaye shi da ƙaya ba, awaki su cinye shi. In ba a ba shi ruwa ba, ya bushe kafin bazara. Ɗan makarantar da ya ɗauki itace ɗaya, ya kula da shi har ya girma, ya fi wanda ya dasa goma ya manta da su. Da haka ƙaramin aiki yake zama babba, domin da yayyafi kogi kan cika.

Ma'anar kalmomi

Sauyin yanayi: canjin zafi da ruwan sama na tsawon shekaru.
Ambaliya: ruwa mai yawa da yake cin gidaje da gonaki.
Masana'anta: wurin ƙera kaya da injuna.

Tambayoyi

1. Shekarar Felix nawa lokacin da ya kawo shawararsa?
2. Mene ne yake sa duniya ƙara ɗumi?
3. Wane aiki Wangari Maathai ta yi?
4. Wace rana ce ranar shuka itatuwa a Nijar?
5. Me ɗan itace yake buƙata bayan an dasa shi?

Aiki

Ku ƙirga itatuwan da suke cikin filin makarantarku, ku rubuta sunayensu. Kowane rukuni ya zaɓi ɗan itace ɗaya, ya tsara wanda zai riƙa ba shi ruwa kowace rana.