Gidajen Manoman Jawa da Dabarar Jure Girgizar Ƙasa

Gabatarwa

Dutsen Merapi yana tsibirin Jawa ne na ƙasar Indonesiya, kimanin kilomita 30 arewa da birnin Yogyakarta. Yana cikin duwatsu masu aman wuta da suka fi yawan tashi a ƙasar. Duk da haka manoma ba su ƙaurace masa ba, domin tokar da yake amayarwa taki ce ga gonakinsu. Wannan maƙala za ta yi tsokaci ne a kan yadda gidajen gargajiya na wannan yanki suke jure girgizar ƙasa.

Fasalin Gidan

Gidajen Jawa na gargajiya iri-iri ne. Akwai kampung da limasan, waɗanda aka fi gani a wurin manoma, sai kuma joglo na masu hali. Dukkansu ginshiƙan katako ne ke ɗauke da rufinsu, bango kuwa shamaki ne kawai na allon katako ko saƙaƙƙen gora mai kama da zana. Dabara ta farko ke nan, wato rashin nauyi.

Ta biyu ita ce mahaɗa. Kafinta yakan fafe rami a jikin wani katako, ya sassaƙe kan wani ya zura a ciki, sannan ya danne da turken itace. Idan ƙasa ta motsa, mahaɗar takan ɗan saki, ta koma yadda take.

Ta uku, ba a binne ginshiƙi a ƙasa. Ana ɗora shi ne a kan wani sassaƙaƙƙen dutse da suke kira umpak, wanda yake rage ƙarfin jijjigar da ke isa jikin gidan, ya kuma raba katako da laima.

Darasin Shekarar 2006

Da sassafen ranar 27 ga Mayu, 2006, girgizar ƙasa ta auka wa yankin, ta hallaka mutane fiye da 5,700, akasarinsu a gundumar Bantul. Motsin ƙarƙashin ƙasa ne ya haddasa ta, ba aman Merapi ba. Mafi yawan gidajen da suka rufta wa mutane na jan bulo ne da ba a ɗaure su da rodi ba. Gidajen katako da dama sun yi layi amma sun tsaya, sai dai waɗanda gara ko tsufa suka riga suka ci ƙarfinsu.

Kammalawa

Hausawa na cewa durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Gidan manomin Jawa yana tsira ne saboda yana rusuna wa girgiza. Sai dai dabarar tana da iyaka, domin a lokacin da Merapi ya yi aman wuta a 2010, zazzafan iska da toka sun ƙone ƙauyuka, mutane fiye da 300 suka rasu. A irin wannan hali, maganin kawai shi ne a bar gida tun da wuri.