Ƙauracewa Zaɓe a Ma'aunin Musulunci

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da Alayensa da Sahabbansa.

Bayan haka, a ran 20 ga Maris, 2016, an yi zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa a Jamhuriyar Nijar. Gamayyar 'yan hamayya ta ƙaurace wa zaɓen, domin ɗan takararta, Hama Amadu, ya yi lokacin neman ƙuri'a yana tsare a kurkukun Filinge. Shugaba Muhammadu Isufu ya sami fiye da kashi 92 cikin 100. To, ina matsayin irin wannan al'amari a Musulunci?

Abu na farko, shugabanci amana ne, ginshiƙinsa kuwa yardar jama'a. Allah Maɗaukakin Sarki Ya lissafa shawara cikin siffofin muminai a Suratu Shura, aya ta 38. Da ajali ya gabato wa Sayyidina Umar a shekara ta 23 bayan Hijira, sai ya bar al'amarin a hannun Sahabbai shida. Abdurrahmanu ɗan Aufu ya kwana uku yana jin ra'ayin mutanen Madina, kana aka yi wa Sayyidina Usmanu mubaya'a. Saboda haka wajibi ne mai mulki ya buɗe fage ga abokin takararsa. Rinjayen da aka samu ba da abokin karawa ba yakan cika akwati, amma ba ya kwantar da zukata.

Abu na biyu ya shafi masu ƙauracewa. Malaman tarihi sun ruwaito cewa Sa'adu ɗan Ubada, shugaban Khazraj, bai yi wa Sayyidina Abubakar mubaya'a ba. Ba a tilasta shi ba, shi kuma bai zare takobi ba, har ya rasu a ƙasar Sham. Ashe mutum yana iya janye hannunsa, amma ba shi da izinin ƙona dukiya, ko zubar da jini, ko tsoratar da wanda ya fita jefa ƙuri'a. Kuma lalle ya auna tukuna, domin malaman Usulu sun tabbatar cewa ba a gusar da ɓarna da wadda ta fi ta girma.

Mai mulki da mai hamayya duka za su tsaya gaban Allah, kowa a tambaye shi abin da ya yi da haƙƙin talakawa.

Allah Ya ba shugabanni ikon yin adalci, Ya tsare al'umma daga fitina, amin.